Ƙaramin Jirgi, Babbar Amana: Sharhi Kan Tuƙin Jirgin Yawon Buɗe Ido

Masu sauraronmu na Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da muryarmu ke isa gare su, ku saurara.

Sharhinmu na yau ya shafi wata sana'a da ba ta kafu a ƙasarmu ba tukuna, amma a wasu ƙasashe ita ce ƙofar da ɗimbin matuƙa jirgin sama suka bi kafin su hau manyan jirage. Sana'ar ita ce tuƙin ƙaramin jirgi na yawon buɗe ido. Matuƙi zai ɗauki mutum uku ko biyar, ya tashi da su, ya zagaya da su saman wani dutse ko kogi ko daji su ba idonsu abinci, ya dawo ya sauke su a inda ya ɗauke su. Tafiyar ba ta cika wuce rabin awa ko awa ɗaya ba. Yana saukewa wasu na jira.

Wani zai ce, ina ruwan manomin gero na Danzomo ko Jeke da wannan magana? Akwai ruwansa, domin 'ya'yanmu suna ɗaga kai in jirgi ya gilma, kuma a cikinsu akwai masu cewa su ma sai sun tuƙa. Buri ne mai kyau, bai kamata a yi musu dariya ba. Abin da ya rage shi ne a gaya musu gaskiyar yadda hanyar take, kafin iyaye su sayar da gona da bijimai.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Arewa. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda har yau take yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. 'Yan kasuwarmu sun kafa kamfanoni: Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina. Mu ma a Jigawa muna da filin jirginmu a Dutse tun 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido. Ke nan makaranta akwai, kamfani akwai, fili akwai. Abin da babu shi ne matakalar da ke tsakanin makaranta da kamfani.

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, mai neman lasisin tuƙi na haya sai ya kai shekara 18, ya kuma yi awa 200 yana tuƙi a sama, ko 150 in ya bi cikakken tsarin makarantar da aka amince da ita. Amma lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin na babban jirgin fasinja yana buƙatar awa 1,500. Ku lura da tazarar. Yaro ya fito makaranta da awa 200 a littafinsa, kamfani ya ce masa muna son mai gogewa, mai takardar ƙwarewa a kan irin jirginmu, ita kuma takardar kuɗinta miliyoyi ne daban. Ba za a ɗauke shi ba sai ya tara awanni, ba zai tara awanni ba sai an ɗauke shi. Gwamnatin Kano a zangon mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Ƙoƙari ne da ya cancanci yabo. Amma da yawa daga cikinsu sun dawo da lasisi suka daɗe suna zaman jira, saboda wannan tazara da muke magana a kai.

Duk wanda ya san tashar mota ya san amsar. Ba a miƙa wa mutum mabuɗin tirela ranar da ya karɓi lasisi. Sai ya yi yaron mota, ya sha rana, ya canza taya a daji, ya ja mota daga tasha zuwa gidan mai, har maigida ya ga hankalinsa. Ƙaramin jirgi shi ne wannan zango a harkar sama, kuma yawon buɗe ido na cikin manyan ayyukan da ke samar da shi.

Mu dubi garin Maun a ƙasar Botsuwana. Garin yana bakin fadamar Okabango, inda kogi ke gangarowa daga Angola ya bazu cikin hamada ba tare da ya isa teku ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan fadama cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta cika ta 1,000. Shekara da shekaru matasa masu sabon lasisi, daga Afirka ta Kudu da Turai da Ostareliya, suna zuwa Maun neman aikin farko. Wasu a tanti suke kwana. Kullum da safe su bi ofisoshin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa, suna miƙa takardunsu hannu da hannu, suna jiran ranar da gurbi zai samu. Wanda aka ɗauka a kan ba shi jirgi irin Cessna 206 mai kujera shida da injin ɗaya, ya riƙa kai baƙi kallon giwaye da dorina daga sama, ko ya sauke su a masaukai cikin daji a kan titin ƙasa. Cikin shekara biyu ko uku ya tara awannin da babban kamfani zai saurare shi. Haka abin yake a Namibiya, da gangaren ruwan Biktoriya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, da Nefal inda ake kai mutane kallon dutsen Ebares, da Amurka a babban kwarin da ke jihar Arizona.

To, me ake tambaya in an kira mutum ganawar ɗaukar aiki? A nan nake so matasa su kasa kunne.

Da farko za a buɗe littafin da matuƙi ke rubuta kowace tashi da ya yi. Za a bi shi shafi shafi. Wanda ya ƙara awa ko da guda ce, in aka gano, ya gama aiki a wannan harka, domin duniyar matuƙa ƙarama ce, labari ba ya kwana. Daga nan sai tambayoyin sani: nawa jirgin ke iya ɗauka, yaya ake raba nauyi gaba da baya, mai nawa yake sha a awa, nawa doka ta ce a bari na ko-ta-kwana. Za a ce maka injin ya mutu jim kaɗan bayan ka bar ƙasa, me za ka yi? Amsar da ake son ji ita ce ka sunkuyar da hancin jirgi don kada gudu ya ƙare, ka nemi fili a gabanka ka sauka. Wanda ya ce zai juya ya koma titin da ya baro alhali bai yi nisa sama ba, ya faɗi, domin wannan juyin ya kashe matuƙa da yawa. Bayan nan babban matuƙin kamfani zai hau da kai, ya zauna a gefenka ya yi shiru, yana kallon hannunka da idonka. Ta yiwu ya rage maka wutar injin ba zato, ya ga ko za ka rikice.

Amma duk wannan karatu ne, mai ƙwazo zai iya. Abin da masu ɗaukar aiki suka fi nema ba ya cikin littafi. Suna so su san ko kana iya cewa a'a.

A kan kawo misali kamar haka. Baƙi sun biya kuɗi, sun zo daga nesa, gobe za su koma. Sararin sama ya ɗan gurɓace. Mai kamfani yana tsaye yana duban agogo. Za ka tashi? Ko kuma a ce babban mutum ne ya zo da iyalinsa, kujera biyar ce, su shida ne, ya ce ai ƙaramin yaron a cinya za a riƙe shi. A al'adarmu da nauyi matashi ya dubi dattijo ya musa masa. Tarbiyya ce mai kyau, amma a bakin jirgi dole a haɗa ladabi da tsayuwa. Sai ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, jirgin ba zai ɗauki mutum shida ba, sai dai mu yi sawu biyu." In ya yi fushi ya yi. Matuƙi shi ne mai magana ta ƙarshe a kan jirginsa, doka ce ta ba shi wannan iko, kuma ranar da ya sarayar da shi don kunya ko kwaɗayi, ya ci amanar rayukan da ke bayansa.

Tarihin wannan sana'a ya nuna abin da ke faruwa in sha'awar nuna wa baƙi abin kallo ta haɗu da kuskure. Ranar 28 ga Nuwamba, 1979, wani jirgin kamfanin Air New Zealand ya kai mutane kallon ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya. An sauya hanyar da aka ɗora wa na'urarsa ba tare da an sanar da matuƙan ba, suka sauko ƙasa-ƙasa don fasinja su gani da kyau, farin gajimare ya haɗe da farar ƙanƙara har ido ya kasa bambance sama da ƙasa. Jirgin ya daki dutsen Erebus, mutum 257 suka mutu, ba wanda ya tsira. A watan Yuni na 1986 ƙaramin jirgi da jirgi mai saukar ungulu, dukansu na yawon kallo, suka yi karo a saman kwarin Arizona, mutum 25 suka halaka. A watan Satumba na 2011 jirgin da ke dawowa daga kallon Ebares ya faɗi kusa da Katmandu cikin gajimare, da mutum 19.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da hazo. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Gumel ya san ranar da ake wayar gari ba a hango bishiyar kukar da ke bayan gari. Ƙaramin jirgin kallo da ido ake tuƙa shi, kuma ƙa'idar tuƙi da ido ita ce matuƙi ya iya hangen kilomita 5. A tsakiyar hazon Disamba da Janairu gani kan faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su fasa sauka Kano. In bazara ta shigo, wata matsalar ce. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a nan. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ba ya ɗaga nauyi yadda ya saba. Jirgin da ya tashi da mutum biyar da sanyin safiya cikin sauƙi, da azahar sai ya cinye titi bai bar ƙasa ba. In ma ya tashi, zafin da ke tasowa daga rairayi zai yi ta jijjiga shi har fasinja su fara amai. Da damina kuwa, kun san yadda hadari ke haɗuwa a gabas, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san waɗannan alamu tun yana kiwon awaki. Wannan sani jari ne, kuma ɗan Sule Tankarkar da ya haɗa shi da ilmin makaranta ya fi baƙo sanin sararin samansa.

Aikin kansa ba na ƙawa ba ne yadda ake gani a hoto. Matuƙin ƙaramin jirgi shi ne mai duba mai, shi ne mai ɗaukar jaka, shi ne mai auna nauyin fasinja, sau da yawa shi ne mai goge kujera in wani ya yi amai. Yana tuƙi, yana magana da hasumiya da Turanci, yana sa ido kada ya yi karo da ungulu ko shamuwa, a lokaci guda yana yi wa baƙi bayanin abin da suke gani. Ya bi hanya ɗaya sau da yawa a yini, kuma haɗarin yana cikin sabon nan, domin sabo ke kawo sakaci. Albashin farko ba shi da yawa. Ribar tana cikin awannin da ke taruwa, da hankalin da mutum ke samu in shi kaɗai ne zai yanke hukunci, ba kyaftin a gefe.

Yanzu tambayar da na san tana ran masu sauraro: mu me muke da shi da za a kalla?

Muna da shi. Ƙaramin jirgi yana gudun sama da kilomita 200 a awa, ke nan daga Dutse ba ya cika awa guda ya isa fadamar Haɗeja da Nguru. Can ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa tsakanin tuddan rairayi kafin su tattaru su nufi Tafkin Chadi. Tsuntsaye daga Turai suna ƙetaro Sahara su yi hunturu a Baturiya, wurin da aka sa cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a 2008. Ga duwatsun Dutse da dabinonta, ga na Birnin Kudu masu zanen mutanen da. A nan arewa, wanda ya ga Maigatari ranar Alhamis daga sama, shanu da raƙuma da tumaki suna kwararowa ta burtali daga ko'ina, ga layin manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kudu, zai fahimci girman wannan kasuwa fiye da duk bayanin baki. Da kaka kuwa, gonakin zoɓo sun yi ja, riɗi an tsayar da shi dami dami, gawo yana fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke kaɗe nasu. Ga hawan salla na masarautunmu biyar. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma baƙon da ya zo Kano, Jigawa ba ta yi masa nisa ba.

Sai dai in za a yi, a yi shi da mutunci. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, matan aure suna harkokinsu a ciki. Ba daidai ba ne jirgi ya sauko saman ƙauye baƙi suna ɗaukar hoton abin da katanga ta suturce. Ƙarar injin tana firgita garke, tana tarwatsa tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita don ya huta. Kuma Sule Tankarkar da Maigatari a bakin iyaka suke, inda shawagi sai da izinin hukumomin tsaro. Dole a shata hanyar da za a bi da tsayin da ba za a sauko ƙasa da shi ba, a kuma shawarci sarakuna da masu unguwanni tun kafin a fara.

Ban yarda cewa yawon buɗe ido shi kaɗai zai iya riƙe jirgi a Jigawa a yau ba. Talakanmu yana fama da taki da kuɗin makaranta. Baƙon waje kuwa tsaro yake dubawa kafin komai. Agadas ta ishe mu misali: gari ne da ya ci moriyar masu zuwa kallon duwatsun Azbin da hamadar Tenere, jirage na saukar da Turawa kai tsaye daga Faransa, amma da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007 sai kasuwar ta durƙushe, masu ja-gora da maƙera azurfa suka rasa ciniki. Masu shirya fim da masu biki kuma yanzu ƙaramin jirgi marar matuƙi ya wadatar da su.

Amma ƙaramin jirgi ba aiki ɗaya yake yi ba. Kusan kowace shekara tsuntsun jan baki yana afka wa gero da dawa da shinkafa a Jigawa da Yobe, kuma da jirgi ake feshinsa a makwancinsa. Lokacin ambaliyar 2022 garuruwa da dama a yankin Haɗeja da Ringim sun yanke daga hanya, ana buƙatar wanda zai duba daga sama ya ce ga inda ruwa ya karya, ga inda mutane suka maƙale. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin kogi, daga sama aka fi ganin iyakarta. Haka shingen itatuwan da ake dasawa don tare hamada, wanda ya bi ta ƙasarmu. Jirgi guda, matuƙa 'yan ƙasa, da damina sintirin ambaliya, da kaka yaƙin jan baki ga waɗanda suka sami horon feshi, da rani a ranakun da sama ta washe a ɗauki baƙi da ɗaliban makaranta. A haka jirgin zai biya kuɗin kansa, a haka kuma yaranmu za su tara awanninsu a gida, maimakon kuɗin ya tafi ga kamfanonin haya matuƙa kuma suna zaune.

Ga matashin da ke saurare, fara da abin da ke hannunka. Riƙe lissafi da kimiyyar fiziks da Turanci da kyau, domin su ake dubawa kafin a ɗauke ka a Zariya, kuma Turanci ne harshen rediyon jirgi a duniya. Ka nisanci ƙwaya da duk wani abin maye, ana gwajinsu, kuma ba a yafewa. 'Yan mata ma hanyar a buɗe take gare su: Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a Nijeriya, a Zariya ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar.

Iyaye kuma, don Allah, kafin a taɓa gona ko garke, a fara kai yaro wurin likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta amince da shi, a yi masa gwajin lafiya na matuƙan haya. Akwai wanda idonsa ba ya bambance ja da kore bai sani ba, akwai mai ciwon zuciya a ɓoye. Gara a sani da kuɗi kaɗan tun farko. Kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ko lasisi ta bayan gida, macuci ne.

Kiranmu ga Gwamnatin Jigawa, da wakilanmu na masarautar Gumel a majalisar jiha da ta tarayya, da attajiranmu: in za a ɗauki nauyin yaro ya koyi tuƙin jirgi, a ɗauka har zuwa ranar da zai fara aiki, kada a tsaya a bikin yaye ɗalibai. A sa ƙananan jirage a filin Dutse, a ba su aikin feshi da sintiri da ɗaukar baƙi, a sa gogaggun matuƙa su raini sababbi. A kuma ware wa ƙananan hukumomin bakin iyaka, Sule Tankarkar da Maigatari da maƙwabtansu, kasonsu na guraben karatu, a sanar da su a rediyo da masallatai yadda ɗan talaka zai ji ya nema.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. Wanda ya ji, ya isar wa shugaban makarantar garinsu da kansilan mazaɓarsu.